Baƙi daga Kano, kwana biyu a Accra: ina zan kai su?

Maman Nima:
Assalamu alaikum. Surukaina za su zo daga Kano, dattawa biyu da yarinya ɗaya, kwana biyu kacal. Ba mu da mota. Ta ina za mu fara, kuma me ya kamata a bari?

Malam Na Kanda:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ranar farko ki ba bakin teku, domin wuraren tarihi duk a kan layi ɗaya suke. Ku bar unguwarku ta Nima da ƙarfe 6:30 ko bayan 9, tsakanin nan cunkoso ne zalla. Da dattawa ki kira Bolt ko Uber. In trotro ne, wato ƙaramar motar haya, ki shiga wadda yaron mota ke kiran "Accra", ku sauka Tema Station. Wadda yaron motarta ke juya yatsa kamar da'ira shataletalen Circle za ta, ba hanyarku ba ce.

Ku fara da Black Star Square tun rana ba ta yi ba, fili ne fetal, babu inuwa. Titin da ke gefensa sunansa 28th February Road, saboda a ranar ce a 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku da ke tattaki zuwa fadar gwamna a Osu. Daga nan sai makwancin Kwame Nkrumah. A wannan filin ya yi shelar 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. A Romaniya ya rasu a 1972, aka binne shi a garinsu Nkroful, sai a 1992 aka dawo da shi nan. Matarsa Fathia, 'yar Masar, tana kwance kusa da shi. Kada ku wuce mutum-mutuminsa da aka fille wa kai a juyin mulkin 1966, kan yana ajiye a gefe. An gyara wurin an sake buɗewa a 2023, akwai wuraren zama, awa biyu ta ishe ku.

Kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban. Ki riƙe Ghana Card ɗinki, su kuma za su biya na baƙi. Kada ki ce 'yan Nima ne, Hausarsu kaɗai za ta tona ki.

Yaya Mai Taksi:
Malam ya faɗi gaskiya, amma in kun ƙarasa Jamestown, tsohuwar unguwar masunta, a yi hattara fa. Kuna sauka kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa samari za su kewaye ku, kowa ya ce shi ne ɗan jagora. Ki zaɓi ɗaya, ku yanke kuɗi kafin a taka ƙafa, a fayyace na duka ne ko na kowane kai. Rigimar kullum daga nan take tashi: a ce sidi kaza, a ƙarshe ya ninka sau huɗu. Kada a ɗauki masunta hoto ba izini. Ranar Talata kuma ba sa shiga teku, kwale-kwale a ɗaure za ku tarar.

Hoto a gaban Jubilee House, fadar shugaban ƙasa, ko barikin soja, ko ta tagar mota, a'a. Za a iya tsayar da ku.

In zuwan nasu ya faɗa Mayu ko Yuni, hadari na haɗuwa ku nisanci Circle da Kaneshie. Kogin Odaw na cika nan da nan.

Hajiya Ta Madina:
'Yar'uwa, ni dai ban ga dalilin jan tsofaffi zuwa kasuwar Makola ba. Mutumin da ya san Kantin Kwari da Kurmi, turereniya ba za ta burge shi ba. In tsaraba ce, ki nuna musu bambancin yadin kente na saƙa da na bugawa: na saƙa ƙyalle-ƙyalle ne masu faɗin tafin hannu aka ɗinke, in kin juya bayansa za ki ga ɗinkin da zaren. Na bugawa sumul yake kamar atamfa, bayansa a koɗe. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Rana ta biyu ku yi azahar a babban masallacin ƙasa na Kanda, ga shi nan a bakin ƙofarki. Turkawa ne suka gina, aka buɗe a 2021, fasalinsa irin na masallatan Istanbul. Kafin nan a ba su waakye, wato shinkafa da wake, da safe a ganye, ki gaya musu sunan daga "wake" ya fito, amma a sa shito, miyar yajin nan, kaɗan tukuna, akwai kifi da jatan lande a ciki, ba kowane ciki ke karɓa ba.

Malam Na Kanda:
Ƙari kan na Hajiya: bayan la'asar in da sauran ƙarfi ku je Labadi su ga teku, mutumin Kano abin da zai fi ba da labari ke nan. Ranar aiki ta fi, Asabar da Lahadi kiɗa ne da cunkoso. Yarinyar kada ruwa ya wuce mata gwiwa, igiyar nan tana ja ta ƙasa ko da sama ya yi lumui. Garin Aburi na kan dutse kuma ki bar shi sai wani zuwan, hawan dutsen da dawowa ta Madina da yamma zai cinye muku yini.

Maman Nima:
Allah ya saka da alheri. Laraba za su sauka, to Jamestown sai Alhamis da safe.