Wace sanda da wane koto suka dace da jan fatsa a bayan kayak?

MaiFilafili ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan abin nan ku taimaka min da shawara. Na daɗe ina fatsa daga bakin gaɓa, yanzu kuma na samu kayak, wato ɗan ƙaramin kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili, irin wanda ake zama a samansa, ina so in fara jan koto a baya ina tuƙi, wato turolin. Matsalar kayan ne suka yi min yawa a ido, kifin roba kala-kala, wani da dogon leɓe wani da gajere, ga cokali (koton ƙarfe mai siffar cokali) ga mai farfela, kowa da wanda yake yabo. Tafki nake shiga, yawancinsa zurfin mita 4 zuwa 6 ne, akwai itatuwa da suka nutse a wasu wurare, kuma akwai giwan ruwa da tsage. Sandata doguwa ce ƙafa 10, ta jifa daga gaɓa. Za ta yi ko sai na canja? Zare fa, nailan ko saƙaƙƙe? Sannan wane kala kifi ya fi so?

TsohonMasunci ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Maganar kala ajiye ta gefe tukuna, ita ce ta ƙarshe. Abu biyu za ka fara tambayar kanka kafin ka ɗauki kowane koto, a wane zurfi zai yi tafiya, kuma zai yi rawa a irin gudun da hannunka zai iya bayarwa? Don kai ba inji gare ka ba, in kana tuƙi a natse ba za ka wuce kilomita 3 zuwa 4 a awa ba, kuma akwai koton da aka yi shi don jirgi mai inji, in ka ja shi a wannan tafiyar haka zai biyo ka shiru ba motsi, kifi ko kallonsa ba zai yi ba. Gwajin ba wuya, saki zare kamar mita 2 a gefen kayak ɗin ka tuƙa yadda ka saba ka zuba masa ido. In ka ga yana kaɗa gindi hagu da dama to naka ne.

Wannan kaɗawar ita ce komai. Shi kansa Lauri Rapala, masuncin ƙasar Finland da ya sassaƙa kotonsa na farko a 1936, abin da ya lura da shi ke nan, manyan kifi cikin garken ƙanana wanda ke tangaɗi saboda rauni suke ware wa, shi ya sa ya yi ta gyara sassaƙar har ta riƙa tangaɗi irin haka.

Ni shawarata ka fara da kifin roba mai leɓe wanda yake taso wa sama in an tsaya. Dalili, a kayak dole ka riƙa tsayawa, ko ka sha ruwa ko ka gyara zama ko iska ta juya ka, to duk koton da yake nutsewa da ka tsaya ƙasa zai tafi, kai kuma ka ce akwai itatuwa a ƙasan. Mai tasowa kuwa da ka daina tuƙi zai ɗago a hankali, sau da yawa ma in leɓen ya bugi reshe ka sassauta sai ya ja baya ya fita da kansa. Leɓen ne yake nuna maka zurfi, dogo wanda ya miƙe gaba yana shiga ƙasa sosai, gajere wanda ya kalli ƙasa kusa da sama yake tafiya, kuma yawanci ana rubuta zurfin a jikin kwalin. A ruwan mita 4 zuwa 6 nemi ɗaya mai tafiya a mita 2, ɗaya mai kai mita 3 zuwa 4. Kar ka ɗauki mai kai mita 6, laka da ciyawa kawai zai riƙa kwasowa, kuma kifin farauta ya fi saurin tasowa ya ɗauki abin da ke samansa a kan ya bi wanda ke ƙasansa.

Sandar ƙafa 10 ta yi tsawo. In kifi ya zo gefenka ba za ka iya kai hannu gare shi ba sai ka ɗaga ta tsaye cak, a nan kan sanda yake karyewa. Nemi ta ƙafa 7 mai matsakaicin ƙarfi, mai ɗan laushi a kai, gajeren mariƙi don kar ya riƙa tokarin cikinka. Amma kar ta gaza tsawon da za ka iya zagaya kanta ta gaban hancin kayak in kifi ya shige ƙarƙashinka ya ɓulla ɗaya gefen.

Ɗan_Tafki ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan koto, ni zare zan taɓa. Saƙaƙƙe nake amfani da shi, mai ƙarfin laba 20, a ril (abin naɗe zare) mai lamba 4000, saboda siriri ne ruwa baya tura shi sosai, koto ɗaya zai fi nutsewa da shi a kan nailan mai ƙarfi ɗaya, kuma tunda baya miƙewa za ka ga kan sandarka yana ɓari yana ɓari duk lokacin da koton ke aiki, da ɓarin ya tsaya ka san ciyawa ta maƙale sai ka naɗo ka cire, ba ka yi ta tuƙi a banza ba. Shi ya sa ma na fi son mazaunin sanda ya kasance a gabana inda nake ganinta, ba bayan kujera ba, in dai bai hana filafili wucewa ba. A ƙarshen zaren ƙulla lida, wato guntun zaren da ke haɗa babban zare da koto, na nailan mai kauri kamar mita 1 da rabi don gogar itace. Saki zare mita 25 zuwa 30 a baya, in kana so ya ƙara nutsewa ƙara saki, amma akwai inda in ya kai ba zai ƙara ba komai yawan zaren.

Abin da nake roƙonka da shi ɗan uwa shi ne birkin ril, wato abin da ke ƙayyade ƙarfin jan da zai sa zare ya zaru. Ƙa'idar da aka saba kar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren, a kayak ma sassauta ƙasa da haka, yadda za ka iya zaro zare da hannu ba wahala. In koto ya maƙale a itace birki a ɗaure kana cikin tafiya, kayak ɗin zai juya ya ba da gefe, in da iska ko igiyar ruwa kifewa ba wuya. Ka saka laif jaket, ka ɗaure sanda da igiya a jikin kayak, wuƙa kuma inda hannunka zai kai nan take.

UmmuTsage ta rubuta:

Ni dai ban yarda da yayana a kan saƙaƙƙen zare ga sabon shiga ba. Nailan yana miƙewa, wannan miƙewar ita ke shanye fizgar farko, musamman tsage da bakinsa ƙashi ne, yana kamawa zai yi tsalle ya girgiza kai ya tofar da ƙugiya. Sannan in saƙaƙƙe ya maƙale ka naɗe shi a hannu kana ja wallahi yanka yatsa yake. Ka fara da nailan in hannunka ya faɗa sai ka canja.

Tunda da tsage a ruwan, lidan nailan ba zai tsira ba, haƙoransa za su datse shi, sai ka sa guntuwar waya kamar taƙi ɗaya gaban koton. Cokali kuma kar ka raina shi, tsage na son walƙiyarsa, sai dai yana murɗe zare in ba ka sa majuyi (ɗan ƙarfen da ke juyawa tsakanin zare da koto) mai kyau ba, kuma yana nutsewa, a buɗaɗɗen ruwa za ka ja shi nesa da itatuwan. Kala da ka tambaya, ruwa garau azurfa ko kalar ƙananan kifin da ke wurin, ruwa mai dauɗa ruwan gwal ko mai haske sosai ko mai ƙararrawa a ciki. Jar kala ita ce take fara dishewa in an yi ƙasa cikin ruwa.

Ƙugiyoyi masu baki uku da suke zuwa a jikin kifin roba don Allah ka cire ka sa guda-guda, ko ka matse kunnensu da filaya. Kifi zai yi ta birgima tsakanin ƙafafunka ne fa, kai kaɗai a tsakiyar ruwa.

MaiFilafili ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na gwada ɗaya a gefe kamar yadda Baba ya ce, yana rawa amma sai ya riƙa karkata hagu har ya fito saman ruwa. Ya lalace ne? Kuma zan iya jan sanda biyu lokaci ɗaya?

TsohonMasunci ya rubuta:

Bai lalace ba ɗana, zoben da ake ɗaura zare a hancinsa ne ya kauce. Kama zoben da filaya ka lanƙwasa shi dama kaɗan, kaɗan fa, yadda da ƙyar ido zai gani, ka sake gwadawa har ya miƙe. Sanda biyu ka ɗan dakata sai ka saba da ɗaya, don in kifi ya kama ɗaya kayak zai juya ɗayan zaren ya naɗe ku duka. In lokacin ya yi, mai nutsewa sosai ka ja shi kusa, mai tafiya a sama ka sake shi nesa, kuma ka riƙa yin kwana mai faɗi. Ka lura a kwanar, koton da ke ciki gudunsa raguwa yake na waje ya ƙaru, duk wanda kifi ya fi bugu a cikinsu ka san gudun da suke so ranar sai ka gyara tuƙinka.