Masu hoton biki a Yamai: wa kuka ɗauka, kuma yaya kuka ƙare da shi?

Maman Hanan (Lazare):
Salamu alaikum ƴan uwa. Bikin ƙanwata ya matso, bayan babbar salla in Allah ya kai mu, kuma ni aka ɗora ma maganar mai hoto. Na ga mutum biyu, ɗaya ya ce jika 60 hoto kaɗai, ɗayan ya ce jika 150 da bidiyo da albom har da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama (drone). Shagalin namu lalle ne, sai fatiya da safe, foyandi (wunin biki na mata) da rana, da dare a kai amarya Harobanda. Don Allah waɗanda suka yi biki kwanan nan ku gaya mini yadda kuka yi da naku.

Ɗan Bukoki:
Wa alaikumus salam, Allah ya sa alheri. Abu na farko ki tambaye shi WA zai zo ranar. Mu lokacin bikin wana mun ga aikin wani a Facebook, hotuna kam ba magana, muka je studiyo muka yi ciniki da shi ido da ido, ranar fatiya sai ga wani yaro da kamara a wuya wai maigida ya aiko shi, shi yana wani biki a Plato. Asabar ce kin san yadda Yamai take, mutum guda ya karɓi biki uku. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa amma rabin hotunan an yanke ma mutane hula. Kuma kar ki yarda da hoto goma da ya zaɓa ya sa a shafinsa, ki ce ya buɗe miki biki guda cikakke tun daga safe har dare, nan za ki ga ko ya iya hoton cikin ɗaki da na dare.

Tanti Yantala:
Ɗiyata ni ba tsada ce ta dame ni ba. Bikin ɗiyar yayata mai hoton ya iya aikinsa, amma bai san kowa ba a gidan, to ina zai bi? Sai inda ƙyalli yake. Ƴan matan amarya da iniform ɗinsu, wannan ta juya wannan ta karkace, su kaɗai sun cika albom. Kakar amarya da ta taso tun daga Dogon Dutsi da ciwon ƙafarta tana zaune cikin ɗaki kan tabarma, ko hoto guda babu. Ba a shekara ba Allah ya yi mata rasuwa, aka yi ta neman hotonta na bikin, sai a wayar wani yaro aka samu wani dishi-dishi an ɗauko ta daga gefe. Har yau in maganar ta taso yayata sai ta yi hawaye.

Da na tashi aurar da tawa sai na ware yarinya guda mai wayo wadda ta san dangin uwa da na uba, na ce ke ba ki rabon abinci ba ki komai, aikinki ki riƙe mai hoto ki kai shi wurin tsofaffi, ki ce wannan gwaggo ce, wannan kawu ne, wannan ita ta yi renon amarya. Kuma aka fara da su tun da safe kafin su gaji su kwanta, don tsoho ba ya jiran sai ƙarfe biyar. Ƴan mata ko ba a neme su ba za su kawo kansu gaban kamara.

Mai Kamara (Wadata):
Ni sana'ata ce, bari in faɗi namu ɓangaren tunda kullum mu ake zagi 😅 Abin da Ɗan Bukoki ya faɗa yana faruwa ban musa ba, ki sa a rubuta sunan wanda zai zo. Amma Hajiya tsarin da kika lissafa mutum guda ba zai iya ba in har da bidiyo, hannu biyu gare shi. Lokacin da liman ke ɗaura aure ana shafa fatiya wajen maza a ƙofar gida, a cikin gida mata na guɗa, wanne zai ɗauka? Mutum biyu ne ƙaranci, shi ya sa kuɗin na biyun ya fi.

Sai maganar lokaci. Ana ce mana amarya za ta fito ƙarfe uku, mai kwalliya ta riƙe ta har shida da rabi, rana ta faɗi, gobe a ce hoto ya yi duhu. Hasken da ya fi kyau shi ne na bayan la'asar kafin magariba, in kuna son na bakin kogin Isa wajen gadar Kennedy to a lokacin ne, kuma ku lissafa cunkoson gada tunda Harobanda za ku. Tsakar rana kuwa musamman watan huɗu da na biyar da zafi ke wuce digiri 40, kowa ya runtse ido, gumi na wanke hoda, farar bazan ta ango ta ƙone a hoto ba ka ganin ɗinkin wuya ko kaɗan. Rumfar tampol mai launin ja ko shuɗi ita ma matsala ce, launin na sauka kan fuskokin mutane, in da hali a kafa fara inda amarya za ta zauna. Hoda mai haske sosai kuma in filas ya buge ta fuska ta yi fari fat wuya baƙi, wannan tsakaninku da mai kwalliya ne, ba mu ba.

Tambayoyin da ni in aka yi mini nake sanin mutum ya san abin da yake yi: kamararka tana ɗaukar kati biyu? saboda kati na lalacewa, mai biyu tana rubuta kowane hoto sau biyu. Batir nawa gare ka, kana da fitilarka in an ɗauke wuta? Jirgin nan kuma ni ban ba ki shawara ba, ba a tada shi haka kawai sai da izini, ga halin tsaro da ake ciki, in gidan yana wajen Talaje ko kusa da filin jirgin Diori Hamani ma kar a fara. Rufin kwano da kawunan mutane kawai zai nuna miki, ki rage kuɗinsa a ƙara shafi a albom.

Ba'adara (Tawa):
Ni daga Tawa nike amma matsalar guda ta. Armen ɗiyar maƙwabtanmu anka yi, kwana kaɗan sai ga amarya bisa TikTok da waƙa, mai hoto ya sa ta talla, har wurin lalle da take ba kallabi. Dangin ango sunka gani, wallahi saura kaɗan armen ya mutu tun ba a tahi ko'ina ba. Da anka same shi sai ya ce ai kowa haka shika yi. Ya goge amma mutane sun riga sun kwashe. Mu da namu ya zo mace munka nema ta shiga wurin mata, namiji ya tsaya waje, kuma munka gaya musu gaban shaidu ba a sa ko guda bisa waya sai amarya da ango sun yarda. Yamai ai kun hi mu mata masu hoto, ki nema.

Abban Sultan:
Ku yi hankali da masu zuwa ba gayya. Za ki ga mutum da kamara yana ta ƙyasta ma baƙi, ki zaci na gida ne, kafin a watse ya je ya wanko ya baza a tabarma bakin ƙofa, kowane dala ɗari. Wanda bai saya ba a zo a ce uwar biki ta biya. Ki nuna ma mutanenki wane ne naku tun da safe.

Zeinabu K.:
Nawa albom ɗin sai da na yi ciki na haihu kafin ya fito, da gaske nake 😭 mun biya shi duka tun kafin biki saboda abokin mijina ne wai ba a ciniki da na gida, daga nan kullum gobe, yau injin wanki ya lalace, gobe ya tafi Maradi aiki, kuma ba dama ka ɗaga murya saboda kunya. Ƙawata da ta yi bayana rabi ta ba da abans, ta tura ta Nita (kamfanin tura kuɗi) ta ajiye rasit, sauran ta ce sai albom da kile (USB) sun shigo hannunta, nata bai yi wata ba. Kuma ku karɓi hotunan a kile, kar ku yarda da na WhatsApp kaɗai, yana matse hoto, a waya ya yi kyau amma ranar da kika je a wanke miki babba na bango sai ki ga ya farfashe. In dole ta WhatsApp ne ya turo a matsayin dokima (document). Ni yanzu nawa suna wuri uku, kile, kwamfutar ƙanena da Google Drive.

Mai Kamara (Wadata):
Rabi da rabi daidai ne, amma don Allah in an kawo aiki a cika, akwai albom a shagona da masu shi sun haihu har sun yi suna ba su zo karɓa ba. Kuma a tuna da mu wajen abinci, tun asuba muke tsaye.

Maman Hanan (Lazare):
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Tanti na riga na san yarinyar da zan ba aikin, ɗiyar kawunmu ce bakinta ba ya shiru. Jirgi na cire shi. Gobe zan koma wurin na biyun in ji ko yana da mace cikin ma'aikatansa, in ya rage zuwa jika 120 mu rubuta a takarda. Mai Kamara tambaya ɗaya, amaryar ta nace wai a gyara ta ta yi haske a hoton, ni kuma ban so.

Mai Kamara (Wadata):
Kuraje da gumi muna gogewa, wannan ba komai. Canza launin fata kuwa in an matsa muna yi, amma hannu da wuya na tona asiri, kuma dangin miji sun san kalarta. Ki ce ya gyara guda biyu, ɗaya yadda take so ɗaya yadda take, a nuna mata kafin a wanke albom.