Shin wasan cike gurabe zai taimaka wajen koyar da kalmomin nazarin adabi?

Malamar Hausa, Kano

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina koyar da Hausa a aji biyu na babbar sakandare, kuma a wannan zangon muna kan adon harshe da zubi da tsarin rubutacciyar waƙa. Damuwata ita ce ɗalibai suna haddace ma'anar kamantawa da siffantawa (cewa wani abu shi ne wani kai tsaye) da jinsintarwa (ba wani abu siffar wani jinsi daban, kamar mutum ko dabba) kamar yadda aka rubuta musu a allo, amma idan aka ajiye musu baiti aka ce su fito da adon harshen da ke cikinsa, sai aji ya yi tsit, ko kuma su kira duk abin da suka gani kamantawa. Malamin Turanci na makarantarmu yana amfani da wasan nan na cike gurabe da ake bugawa a jaridu, wanda ake zana 'yan akwatuna kalmomi suna gitta juna a kwance da a tsaye, kuma na ga yadda yara ke rububinsa. Shin wannan wasa zai yi amfani a darasin adabin Hausa, musamman ga masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, ko kuwa cin lokaci ne kawai? Ina roƙon duk wanda ya san kansa ya bayyana mini yadda ake tsara tambayoyin.

Mai Nazarin Waƙa

Wa alaikumus salam, Malama. Wasan yana da amfani, sai dai amfanin nasa ya rataya ne kacokan a kan irin tambayar da aka rubuta a ƙarƙashin zanen. Idan kika rubuta "kwatanta wani abu da wani ta amfani da kamar, tamkar ko awa", ɗalibi ya cike KAMANTAWA, to ba ki raba shi da haddar da kike kuka da ita ba, domin ma'anar da ya haddace ce kika mayar masa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba shi misali, a bar shi ya nemo sunan da kansa. A kwance, gurabe 10: "Yunwa ta shigo gari, ta shimfiɗa tabarma ta zauna." Dole ne yaro ya tsaya ya tambayi kansa wane ne ke shimfiɗa tabarma, ya gane aikin mutum ne aka ba yunwa, kafin ya kai ga MUTUNTARWA. A tsaye, gurabe 9: "Ta yi kuka har hawayenta ya cika rijiya", amsa KAMBAMAWA. Haka kuma za ki iya rarrabe musu nau'o'in kamantawa guda uku, wato "maganarsa ta fi zuma zaƙi" ta ba da FIFIKO, "bai kai ƙanensa wayo ba" ta ba da KASAWA, sannan "fari tas kamar auduga" ta ba da DAIDAITO.

Akwai wani tarko da ya kamata ki lura da shi tun wajen zane, domin kalmomin nan namu sun yi kama da juna ƙwarai. ABUNTARWA (ba mai rai siffar abu marar rai) da ALAMTARWA (amfani da wani abu a matsayin alamar wani) kowacce haruffa 9 ce, dukkansu sun fara da A sun ƙare da TARWA, bambancinsu yana harafi na biyu da na uku da na huɗu ne kawai. KAMANTAWA da KAMBAMAWA su ma haruffa tara-tara ne, sun yi tarayya a ukun farko da ukun ƙarshe. Saboda haka idan kika sa wata kalma ta gitta su a wurin da suka yi tarayya, ɗalibin da ya yi kuskure ba zai taɓa ganewa ba, tunda komai zai zauna masa daidai. Ki sa mahaɗar ta faɗo a harafin da suka saɓa, yadda wanda ya rubuta ALAMTARWA a gurbin ABUNTARWA zai ga kalmar da ke saukowa daga sama ta ƙi shiga, ya koma ya sake karanta misalin ba tare da kin ce masa uffan ba. A ganina wannan gyaran kai da kai shi ne babban abin da wasan ya fi tambayoyin zaɓi da shi.

Kuma kada mu ɗauka baƙon abu ne muke kawo wa yaranmu. Duk wanda ya taso yana jin "ƙulin ƙulifita" ya amsa da "gauta" ya saba da a ɓoye masa abu cikin siffar wani abu a ce ya gano. Ki sa kacici-kacici biyu ko uku cikin tambayoyin. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" za ta ba su TSINTSIYA, "Baba na ɗaka, gemu na waje" za ta kai su ga wuta da hayaƙi. Bayan sun cike, sai ki tambaye su wane adon harshe ne ya mayar da tsinken tsintsiya saniya, wane ne kuma ya yi wa wuta gemu. A nan za su ga cewa dabbantarwa da mutuntarwa suna bakinsu tun suna ƙanana, sunayen ne kawai ba su sani ba.

Tsohon Malami, Sakkwato

Allah ya yi miki albarka, 'yata, da kika damu da fahimtar yara fiye da cika musu littafi da rubutu. Ban ƙi shawarar ɗan'uwana ba, amma ina da ja a kan wani ɓangare nata. Wannan wasa don nishaɗin masu karanta jarida aka ƙago shi. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya buga shi a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, kuma ginshiƙinsa shi ne kowace tambaya tana da amsa guda tak wadda za ta shiga gurbinta. Adabi kuwa ba haka yake ba. Idan maroƙi ya ce sarki toron giwa ne, siffantawa ce domin ya ce shi ne kai tsaye ba tare da kamar ko tamkar ba, dabbantarwa ce kuma domin ya ba mutum siffar dabba. Idan aka kira shi bango madafar bayi, ga siffantawa, ga abuntarwa, ga shi kuma kirari ne. To ɗalibi mai wayo ba zai wahalar da kansa da wannan tunani ba, zai ƙirga gurabe ne kawai, in 10 ne ya rubuta SIFFANTAWA, in 11 ne ya rubuta DABBANTARWA, ya ci makinsa ya tafi, alhali a takardar jarrabawa ta rubutun bayani ba wanda zai ƙirga masa gurabe, cewa za a yi ya kawo misali daga waƙar da aka nazarta ya yi sharhi.

Abu na biyu, masana ba su haɗu a kan sunaye ɗaya ba. Wani littafin zai ce jinsintarwa, wani ya ce jinsarwa. Wani zai ce amsa-amo, wani ya ce ƙafiya, wato dacewar sauti a ƙarshen layukan waƙa, haka ma tahamisi da tahmisi, wato ƙara wa baitin waƙar wani layuka ya cika biyar, kuma ƙarin harafi ɗaya ya isa ya rushe zanen gaba ɗaya. Don haka ki tsaya a kan kalmomin littafin da ke hannun ɗalibanki, ki kuma faɗa musu cewa akwai wasu sunayen. Batun karin waƙa kuwa kada ma ki kusance shi da wannan wasa, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali da gajere, kuma sanin gaɓa mai nauyi da marar nauyi sai an rera an saurara da kunne.

Inda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne kalmomin zubi da tsari waɗanda ba su da gardama, irin su baiti da ɗango (layi ɗaya na baiti) da amshi da ƙwar biyu da ƙwar biyar (baiti mai layi biyu ko biyar), sai kuma bambance zambo da habaici. A yi shi a matsayin bita bayan an karantar, kada ya zama shi ne karatun.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa ga malamai baki ɗaya. Ni gudummawata a kan ƙa'idar rubutu ce, domin nan ne irin wannan wasa yake saurin lalacewa. A wasannin Faransanci da muka saba gani a nan Nijar, ba a damuwa da alamomin da ke kan wasula idan ana cike gurabe, kuma wasu suna ɗauko wannan al'ada su yi wa ƙugiyar haruffanmu haka, su bar K ta gitta Ƙ. Wannan kuskure ne babba, tunda ƙafa ta ma'aunin waƙa daban take da kafa, kamar yadda baƙi ya bambanta da baki. Ɓ da Ɗ da Ƙ kowanne harafi ne mai zaman kansa, kuma ɗalibin da ya rubuta DANGO a maimakon ƊANGO bai ci ba. Ki kuma duba takardar da kyau idan da kwamfuta kika tsara, saboda wasu manhajojin suna zubar da waɗannan haruffa ko su buga akwati wayam a madadinsu.

Sai kuma baƙaƙe masu goyo. Shawarata ita ce SH da TS su zauna a gurbi ɗaya, tunda sauti ɗaya ne kowannensu, ta yadda AMSHI da TSARI za su ci gurabe huɗu-huɗu, TSINTSIYA kuma ta ci 7 a maimakon 9. Alhamza ma baƙi ce, a ba ta gurbinta a kalma irin MA'AUNI. Mu a nan muna rubuta Ƴ da ƙugiya, ku kuma a Nijeriya kuna rubuta 'Y, to ko ta wace hanya gurbi ɗaya ya kamata ta ci. Duk abin da kika zaɓa, ki rubuta shi a saman takardar kafin a fara.

Malamar Hausa, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba Malam, maganarka ta ƙirga gurabe ta tsaya mini a rai. Ga shi kuma ajin nawa cike yake maƙil, ba mu da halin buga wa kowa takarda. Ta yaya za a toshe wannan kafa a irin wannan yanayi?

Mai Nazarin Waƙa

Malama, ba sai an buga takarda ba. Ki zana a allo kafin a shigo darasi, su kwafa a littafin lissafi mai gidan dara, wanda dama a shirye yake da akwatunansa. Kalmomi 10 zuwa 12 sun isa, kuma a raba su rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, a ba su kamar minti 15. Maganin abin da Baba Malam ya hango kuwa yana wajen rabon maki: maki ɗaya ga kalmar da aka cike daidai, maki biyu ga hujjar da wakilin rukuni zai tashi ya bayar da baki. Wanda ya rubuta DABBANTARWA don ya ga gurabe 11 zai tsaya a maki ɗaya, wanda kuma ya iya cewa toron giwa dabbantarwa ce kuma siffantawa ce, ya kawo dalili, a ƙara masa.

Idan sun saba, sai ki juya aikin ya koma kansu. Kowane rukuni ya ɗauki waƙa ɗaya daga cikin waɗanda ke manhajar jarrabawarsu, ya tsamo ɗangogi masu adon harshe, ya tsara nasa zanen, sannan rukunoni su yi musaya. Rukunin da aka kama tambayarsa tana karɓar amsa biyu, shi zai fito gaban allo ya kare wadda ya zaɓa, sauran aji su yanke hukunci.