Abin da muka tsinta a hirar tatsuniyar Resident Evil Village

Jiya bayan isha'i a majalisar shayinmu nan Jidda musu ya kaure kan Resident Evil Village, gem ɗin ban tsoron nan da kamfanin Capcom suka saki a 2021, shi ne na ce bari in tattaro shawarwarin.

Kusan kowa ya yarda kar ka tsallake tatsuniyar farkon gem ɗin, wadda Mia, matar jarumin gem ɗin, ke karanta wa jaririyarsu Rose. Yarinya ta ɓace a daji, ta haɗu da jemage da masaƙi da sarkin kifi da dokin ƙarfe, to su ne fa manyan ƙauyen gem ɗin su huɗu, jemage Dimitrescu mai shan jini, masaƙi Beneviento mai 'yar tsana, kifi Moreau, doki kuwa Heisenberg da masana'antarsa, mayyar da ta fito a ƙarshen tatsuniyar kuma ita ce Miranda, shugabarsu. Yayanmu ya ce a lura da dokin, ukun farko ba ta kyauta suka yi, shi ko ɗaukar abinsa ta yi ba tare da ya ba ta ba, kuma Heisenberg ne kaɗai ke shirin juya wa Miranda baya. Wallahi ni wannan ya fi zauna min a rai.

Wani ɗan Makka ya ce ai dodo ne kawai na tatsuniyar kakarmu, ya ba ka abu ya dawo karɓar 'ya. Da ɗan kama, amma dattijon cikinmu ya ce yaro, ba kowane jan ƙyalle ne alama ba, wani ado ne kawai.

Sashen gidan Beneviento dai kar a buga gaban yara, kuma a bari sai da rana a buga.