Dan Allah wane mai ya dace da ni? Fuska maiƙo, ƙafa kamar an barbaɗa toka

Maman Yan Biyu, Kano

Assalamu alaikum yan uwa da iyayenmu da ke gidan nan, barkanmu da sanyi. Dan Allah shawara nake nema akan man shafawa dan wlh abin ya ishe ni. Ni dai fatata iri biyu ce, fuskata maiƙo gare ta sosai musamman goshi da karan hanci, kafin azahar zaki ga tana ƙyalli kamar na shafa man gyaɗa ga ƙananan ƙuraje da basa rabuwa da haɓata, amma daga wuya zuwa ƙasa a bushe nake ƙayau, tunda hunturun nan ya shigo ƙwaurina yayi furu-furu har yana ɓawo, in na sosa sai layi fari ya fito, dugadugaina kuma faso ya tsattsaga su har bargo suke kamawa da daddare.

Bari in faɗi gaskiya dan a bani shawarar da ta dace. Wajen wata biyar da suka wuce na sayi wani haɗin mai gun wata mata, a ƙaramar roba yake babu rubutu a jiki, tace min ba bilicin bane gyaran jiki ne kawai. Cikin sati biyu nayi haske kowa yana tambayata me nake shafawa, to yanzu gaɓoɓin yatsuna sunyi baƙi, jijiyoyi kore sun fito min a cinya da damtse, ga nankarwa a inda ban taɓa samu ba ko da cikin yan biyu. Na daina shafa shi a jiki amma fuska in na kwana uku ban sa ba sai ta ɗau zafi da ƙaiƙayi ƙuraje su feso, sai in koma. Kuma ina shayarwa, yaran watansu bakwai.

Wane mai zan saya da zai min jiki da fuska gaba ɗaya, wanda bai fi ƙarfin talaka ba? Kuma man kaɗanya da basilin wanne yafi? Nagode Allah ya bar zumunci.

Anti Nas, Zariya

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu da jego da ɗawainiyar yan biyu, Allah ya raya. Zan fara da robar nan kafin maganar mai, dan ita ce tafi damuna. Alamomin da kika lissafa, haske da sauri, jijiya ta bayyana, nankarwa, da fuska ta yi bori in an daina, duk irin abin da sitiroyid ke yi ne, wato irin su kilobetasol da betametason, magunguna ne na asibiti da likita ke rubutawa na ɗan lokaci kaɗan ga mai ciwon fata, masu haɗi kuma suke matse tub-tub ɗinsu cikin mai su juya. Yana sirantar da fata ne, shi yasa kike hango jijiya, kuma fatar da ta sirance in an ji ciwo ko anyi tiyata bata saurin haɗewa, mu da muke wankin ciwo mun san wahalar. Wasu haɗin kuma akwai haidirokwinon, wani sinadarin bilicin, ko sinadarin zaiba wato makuri, shi zaiba yana taɓa ƙoda kuma yana iya bi ta nono ya isa ga jariri. Tunda babu rubutu ba wanda zai iya ce miki ga abin da ke ciki, dan haka kada ki bari yaran su goga fuska a inda kika shafa, kuma ki ɗau robar ki tafi da ita wajen likitan fata, kuna da su a asibitin Malam Aminu Kano. Borin da fuskar ke yi in kin daina sananne ne, likita zai tsara miki yadda za ki rabu da shi, ba sai kina dainawa kina komawa ba.

To maganar mai. Kuskuren farko shine neman guda ɗaya da zai yi miki fuska da ƙafa, fatar fuska tana da ƙofofin maiƙo da yawa, ƙwauri kuwa kusan nan ne yafi ko ina ƙarancinsu, shi yasa shi ke fara yin fari. Ki raba musu.

Man shafawa duk yawansa a kanti aiki uku yake yi. Akwai mai jawo ruwa ya riƙe a fata, kamar gilisarin da yuriya. Akwai mai laushi da ke cike tsagar fata ta yi santsi, man kaɗanya na nan. Sai mai rufewa ya hana ruwan jiki tsiyayewa cikin iska, a nan babu kamar basilin. Shi basilin baya ƙara miki ruwa ko ɗigo, tsare wanda ke akwai yake yi, shi yasa wadda ta bari jikinta ya bushe ƙarƙaf sannan ta lafta shi zata ga tana ƙyalli amma ƙaiƙayin na nan. Ki fito wanka ki ɗan dadanna tawul kada ki goge tas, cikin yan mintuna jiki da sauran danshi ki shafa, wannan kaɗai ba ko sisi zai canza miki rabin matsalar.

A jiki lokacin hunturu loshan mai ruwa-ruwa baya isa, ki nemi kirim mai kauri na cikin gwangwani ko roba mai faɗin baki wanda kika ga gilisarin a farko-farkon jerin kayan haɗinsa, sai ki bi ƙwauri da gwiwa da man kaɗanya ko basilin. A fuska kuma akasin haka, mai sauƙi marar nauyi marar turare, wanda aka rubuta baya toshe ƙofofin fata. Kada ki ce tunda fuskar na maiƙo ba sai an shafa komai ba, fatar da sitiroyid ya wahalar tana buƙatar mai sosai, sai dai mai taushin hali. Duk sabon da kika saya ki gwada a cikin damtse safe da yamma na kamar sati ɗaya, in bai yi ja ko ƙaiƙayi ba sannan ki kai fuska.

Ki kuma rage zafin ruwan wanka, nasan da wuya a sanyin nan amma ruwan da ke turiri wanke maiƙon jiki yake tas, mai ɗumi ya wadatar. Soson buhu ma ki huta da shi.

Hajiya Mai Man Kaɗe, Bida

Ɗiyata sannu, Allah ya yaye. Abin da Nas ta faɗa gaskiya ne amma ni wajen fuska bamu haɗu ba, mu nan tun muna yara man kaɗe muke shafawa har fuska, shi ake shafa ma jariri bayan wanka, shi ake murza ma mai ciwon gaɓɓai, ban ga ya sa mana ƙurji ba. Abin da ke ɓata ma man suna shine algus, wani zai narka shi ya zuba masa wani mai daban dan ya yi auki, wata kuma ta sa kala da turare, ke kuma ki shafa ki ce kaɗanya ce ta cuce ki.

Na gaske launinsa fari ne mai ɗan ratsin ƙwai ko ruwan madara, yana da ƙamshinsa na gyaɗa-gyaɗa da ɗan hayaƙi saboda suyar da ake ma ƙwallon kafin a niƙa a kirɓa da ruwa a tafasa a kwashe man, in kin ɗebo kika murza a tafin hannu narkewa yake ya bi jiki. In kika ji yana warin tsami ko hamami to ya tsufa ko an ajiye shi a rana, ki bar shi. Wanda yazo fari fat babu ƙamshi ko kaɗan wannan na kamfani ne an tace shi, shi ma ba laifi. Da sanyi yana daskarewa kamar sabulu, kada ki ɗora shi kan wuta kai tsaye, ki sa robar cikin ruwan ɗumi ko ki murza a hannu. Kuma kaɗan ake ɗiba, matan yanzu sai su kwaso cike da hannu su fita cikin ƙura su dawo jiki duk ya kama datti.

Haske kuwa ɗiyata ki bar nemansa a roba, man kaɗe baya sa fari kuma baya sa baƙi, duk wadda tace miki nata yana sa haske to ta zuba wani abu a ciki.

Ɗiyar Maraɗi

Ina yini yan uwa. Mama Hajiya ki yi haƙuri amma fata kowa da irin tashi, ni man kaɗe a jiki lafiya lau yake min, a fuska ma bai taɓa min komi ba, amma man kwakwa kwana huɗu na shafa goshina ya cika da ƙananan ƙuraje kamar an watsa gero, daga baya na ji cewa yana cikin masu toshe fata ga mai maiƙo. Ƙanwata kuma ko kaɗen bata iya sawa a fuska. Dan haka gwajin da Anti Nas ta ce shi ne raba gardama.

Abin da nazo ƙarawa shine alwala, ba wanda ya ambata. Sau biyar muke wanke fuska da hannu da ƙafa, ruwa ya bushe a iskar hunturu ya tafi da danshin fata, ke kuma tun safe kika shafa mai sau ɗaya kina jiran ya kai ki dare, ina zai kai. Ni ƙaramar roba nake ajewa kusa da darduma wata a jaka, ina idar da salla in shafa ma hannu da ƙafa.

Faso kuma ga yadda na rabu da nawa. Da dare in jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti goma, in goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa ba reza ba, dan Allah kada ki yanke da reza, sai in shafa gilisarin da na sirka da ruwa dan zallansa danƙo gare shi, in bi da basilin mai yawa in sa safa in kwanta. Da rana kuma takalmi rufaffe ko safa, silifas a cikin ƙura shi ke ƙara tsaga dunduniya. Sati biyu na ga canji.

Mai Kemis, Kaduna

Salam, a yi min afuwa na shigo zancen mata, sana'ar ce ta jawo ni. Malama duk man da zaki saya ki juya bayansa, ki ga jerin abin da aka haɗa, lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in babu to ki ajiye komai arharsa. Lambar ma ba ita ce ƙarshe ba dan ana buga ta bogi, ki saya a inda kika yarda da shi. A 2023 NAFDAC tayi taron wayar da kai a Kano akan man bilicin inda aka kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara haske, to kin ga ba ke kaɗai abin ya samu ba, kada kunya ta hana ki zuwa asibiti.

Na faso akwai kirim mai yuriya, na kashi 10 ya isa bushewar jiki, na dunduniya mai kauri a kan nemi kashi 20 zuwa 25, yana narkar da kaushi, amma in tsagar ta buɗe har tana jini zai yi raɗaɗi, a bari ta rufe tukuna. Kada a sa mai a tsakanin yatsun ƙafa, danshi a wurin ke kawo ruɓewa. Mai ciwon suga kuwa in yaga faso ya tsage asibiti zai nufa kai tsaye. Sannan tunda fatarki ta sirance rana zata fi ƙona ki, ki nemi man kariya daga rana wanda aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, da hunturu ma, hazo baya tare ta gaba ɗaya.

Maman Yan Biyu, Kano

Wlh nagode ƙwarai, Anti Nas maganar nono ta tayar min da hankali ban yi barci ba jiya, na ɗaure robar a leda na kai saman wadrob, maigida yace ranar Litinin zai kai ni asibiti in sha Allah. Yau na gwada shafa mai jiki da danshi kuma har la'asar ƙwaurina bai yi fari ba. Mama Hajiya na samu man kaɗe gun maƙociyata irin yadda kika kwatanta. Saura tambaya ɗaya, yaran ma kumatunsu sun bushe sunyi kaushi, Hassana har tana sosawa, man zaitun nake shafa musu, in ci gaba ko in canza? Kuma in daina basu nono kafin Litinin ɗin?

Anti Nas, Zariya

A'a kada ki yaye su da kanki, ki ci gaba da shayarwa, shafa haɗin ne zaki bari, ki faɗa ma likita komai har tsawon lokacin da kika yi kina shafawa shi zai ga ko akwai gwajin da za a yi. Kumatunsu ki sa musu basilin fari marar ƙamshi ko man kaɗen nan bayan wanka da kafin barci, man zaitun yana iya ƙara ɓata fatar jariri mai saurin bushewa, ki dakata da shi. Ki rage musu sabulu, ki yanke farcen Hassana. In wurin yayi ja ko ya fara ruwa ki tafi da ita ranar Litinin ɗin a duba ku tare, kuma kada ki manta da robar.