Arteta ɗan koyo ne? Cacar baki kan kocin Arsenal bayan PSG ta fitar da ƙungiyar daga Gasar Zakarun Turai a Mayun 2025

Ɗan Kurna: Jama'a wallahi na gaji, kuma duk wanda zai ji haushi ya ji. PSG ta ci mu 1-0 a gidanmu, jiya ta ƙara mana 2-1 a Paris, bana ma mun tashi hannu Rabbana. Tun watan Janairu makaho ma ya san ba mu da lamba tara, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo. Jesus ya ji rauni a gwiwa, Saka yana jinya, aka buɗe kasuwa aka rufe ba a sayo ko mutum ɗaya ba. Fabrairu na kamawa Havertz ya kwanta. Sai ga mu a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai da Merino, ɗan tsakiya, a gaba. Jiya da aka fara mun danne su, ƙwallo tana ta yawo a bakin ragarsu babu mai tura ta ciki, muka koma jiran kwana da dogon jifan Partey. Sama da shekara biyar mutumin nan yana riƙe da ƙungiya, kofin FA ɗaya tal. Arteta ɗan koyo ne, a kanmu yake koyon aiki.

Baban Amira: Ƙanena, janye kalmar nan. Ɗan koyo? Mutumin da ya ci Real Madrid 3-0 a Emirates, ya bi ta har Bernabeu ya ƙara mata 2-1?

Ɗan Kurna: Rice ne ya ci Madrid da firikik biyu, Yaya. Arteta ne ya buga masa?

Bazazzagi: To wa ya kawo Rice? Wa ya nace sai da aka biya fam miliyan 105 a kansa lokacin da ake cewa an yi asarar kuɗi? In an ci, 'yan wasa ne, in an sha kashi, koci ne. Wannan ba adalci ba ne.

Na Wenger: Ku tsaya yara, ku bar ni in faɗi tawa. Yaron nan bai zagi kowa ba. Mene ne ɗan koyo? Wanda yake ƙarƙashin ubangida yana kallon hannunsa, ba a yaye shi ba tukuna. Arteta ya ajiye takalmi a 2016, ya tafi Manchester City ya zama mataimakin Guardiola. A Disamban 2019 muka ɗauko shi, bai taɓa jan ko ƙaramar ƙungiya a matsayin babban koci ba. Ko a garejin bakanike, yaron da ya yi shekara uku yana miƙa sifana ba shi ake ba injin babbar mota ya kwance shi kaɗai ba. Wenger kafin ya zo mana a 1996 ya ci kofin Faransa da Monaco, ya je Japan ya yi aiki. Shi ya sa a 1998 ya haɗa Firimiya da FA a kaka ɗaya.

Bazazzagi: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma Guardiola ɗin da kake cewa ubangida, shekara ɗaya ya yi da ƙaramar Barcelona aka ba shi babbar a 2008, ya kwashe kofi uku a kakarsa ta farko. Shi ma ɗan koyo ne?

Na Wenger: Ka ba kanka amsa. Ya kwashe kofi uku. Kofi shi ke yaye mutum.

Maman Khalifa: In haka ne ai an yaye Arteta tun Agustan 2020, Baba. Cikin wata takwas da zuwansa ya fitar da ubangidan nasa a wasan kusa da na ƙarshe, ya doke Chelsea a na ƙarshe, ya ɗaga FA.

Ɗan Kurna: Da 'yan wasan da ya tarar, Hajiya. Aubameyang ne ya ci biyu a ragar City, ya sake cin biyu a ragar Chelsea. Sakayyarsa? Aka ƙwace masa kyaftin, aka tura shi Barcelona kyauta. Tun daga ranar har yau ba mu sake samun mai ci irinsa ba.

Baban Amira: Rashin ɗa'a ne ya kori Aubameyang. Ba a gina gida da wanda ba ya bin doka. Amma ni har yanzu ina nan kan bakata: ka ce bai yi daidai ba a Janairu, na ji. Ka ce ya cika taka-tsantsan, a tattauna. Ɗan koyo kuwa raini ne. Mutum ya fara da mu muna ƙarewa na takwas, ya kai mu na biyar, ya kai mu na biyu sau biyu a jere, yanzu ma na biyun muke. A 2024 maki 89 muka haɗa, City ta ɗauka da 91. Rabonmu da wasan kusa da na ƙarshe a Zakarun Turai tun 2009 sai bana. Wane ɗan koyo ne yake wannan?

Ɗan Shuɗi: Di Matteo riƙon ƙwarya aka ba shi a 2012 ya ɗauko mana mu Chelsea kofin da ku ba ku taɓa riƙewa ba. Tuchel ya zo a Janairun 2021, kafin Yuni ya ƙaro na biyu. Ku kuna ta lissafin maki.

Bazazzagi: Wa ya sa da kai? Maganar cikin gida ake yi. Ka je ka ji da gasar da kuke bugawa daren Alhamis.

Ɗan Shuɗi: Gaskiya ce ba a so. Havertz ɗin da kuke kukan rauninsa ai mu muka sayar muku.

Mai Gidan Kallo: Kai Ɗan Shuɗi, jiya kai ne ka fi kowa ihu da Hakimi ya ci ta biyu, har ka ture mini benci, kuma ka fita ba ka biya kuɗin kallo ba. Ka fara kawo shi tukuna.

Ɗan Shuɗi: Haba Oga, a gaban mutane? Na ce maka yaronka ba shi da canji.

Mai Gidan Kallo: Man janareta ba ya jiran canji.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina bin gasar Faransa kowane mako, ku ba ni dama in koma kan abin da aka fara. Maganar lamba tara tana da gyara. PSG ɗin da ta fitar da ku ita ma ba da lamba tara na gargajiya take wasa ba. Mbappé ya tafi Madrid, kocinsu Luis Enrique ya maido Dembélé tsakiyar gaba, yana saukowa ya karɓi ƙwallo ya buɗe wa na gefe hanya, kuma shi ya ci ku a minti na 4 a Landan. Abin da ya kashe ku a wasan farko rashin Partey ne, da ya ɗauki katin banza a Bernabeu aka dakatar da shi. Dole Rice ya koma baya, Merino ya dawo tsakiya, kusan rabin sa'a PSG tana wucewa ta tsakiyarku yadda ta ga dama. Jiya kuma Donnarumma ne ya tsaya muku, ya ture ta Martinelli, ya ture ta Ødegaard. Ko da lamba tara, sai ya wuce golan nan.

Na Wenger: To ka ji. Luis Enrique ya ci Zakarun Turai da Barcelona a 2015. Gwani ne ya haɗu da ɗan koyo.

Ɗan Maraɗi: Alhaji ban faɗi haka ba.

Baban Amira: Alhaji, da girmanka kana ƙara wa yaran nan ƙarfi. Wengern naka shekara 22 ya yi, Zakarun Turai nawa ya kawo? Sau ɗaya ya kai wasan ƙarshe, 2006, a Paris ɗin dai, Barcelona ta ci mu 2-1. Daga 2004 har ya tafi a 2018 bai sake ɗaga Firimiya ba. Mun taɓa kiransa ɗan koyo?

Na Wenger: Kada ka sake ka haɗa su. Wasa 49 a jere ba a doke mu a Firimiya ba. An ba golanmu Lehmann jan kati tun farkon wasan 2006, da mutum goma muka fara cin Barcelona. Sannan yana biyan bashin gina fili yana sayar da manyan 'yan wasansa, duk da haka bai fita daga huɗun farko ba sai 2017. Wannan kuwa me ya nema ba a ba shi ba? Ni tun ranar da Kanu ya zuba wa Chelsea uku a Stamford Bridge a 1999 nake cikin ƙungiyar nan. Wasunku lokacin ba a yi musu suna ba.

Maman Khalifa: Baba, shekaru ba su ne hujja ba. Mu da muka tashi a zamanin 8-2 a Old Trafford ba mu gudu ba, ai mun fi ku shan wuya.

Bazazzagi: Faɗa masa, Hajiya. Ferguson ya zo United a 1986, sai 1993 ya ci lig. Klopp ya zo Liverpool 2015, sai 2020.

Ɗan Kurna: Slot kuma ya zo Liverpool bana ya ɗauka bana, tun watan Afrilu, ana saura wasa huɗu. Ya za ka yi da wannan?

Bazazzagi: Girkin Klopp ya tarar.

Ɗan Kurna: Da na ce Arteta ya ci FA da 'yan wasan da ya tarar kun ƙi yarda.

Abban Zee: Ni fa tun abin da ya yi wa Özil na cire shi a raina. Mutum ya yi magana a kan Musulmin Uyghur na Chana a ƙarshen 2019, ƙungiya ta zame ta ce ra'ayinsa ne, kafin shekara ta zagayo an cire sunansa daga jerin 'yan wasa gaba ɗaya. Alhaki ne yake bin mu.

Maman Khalifa: Ka ji tsoron Allah, Malam. Bayan maganar ai Arteta ya yi ta sa shi a wasa har zuwa lokacin da korona ta tsayar da ƙwallo. Ina hujjarka cewa saboda ita aka ajiye shi?

Abban Zee: Kowa ya sani.

Maman Khalifa: Kowa wa? Ka kawo mutum ɗaya daga cikin ƙungiyar da ya faɗa.

Abban Zee: Ai ba za su faɗa ba.

Na Wenger: Özil ma Wenger ne ya kawo shi daga Madrid. Gwani ne yake sanin yadda ake tafiyar da irin waɗannan 'yan wasa.

Baban Amira: Alhaji ka sake dawo da ita ta bayan gida.

Ɗan Kurna: Ni dai tambaya ɗaya na yi tun safe. Me ya hana a sayo ɗan gaba a Janairu? An taya Watkins a ƙurarren lokaci, Aston Villa ta ƙi, shi ke nan aka naɗe hannu. Sterling da aka aro daga Chelsea ko ƙwallo ɗaya bai ci mana a Firimiya ba.

Bazazzagi: Daraktan wasanni Edu ya ajiye aiki tun Nuwamba, sai Maris aka naɗa Berta a madadinsa. Koci ne zai tafi kasuwa da kansa? Ka janye kalmar sannan a yi wannan maganar.

Ɗan Kurna: Ba zan janye ba.

Baban Amira: To ya isa haka, an kira la'asar. Tun da ni aka ɗora wa shugabancin zauren nan, ga abin da na fahimta. Mafi yawan waɗanda suka yi magana da hujja sun yarda cewa kalmar ɗan koyo ba ta dace da Arteta ba, kuma wanda ya furta ta bai iya kare ta ba sai da Alhaji ya tallafe shi da tarihin da ya wuce shekara ashirin. Ɗan'uwanmu na Maraɗi, wanda ba shi da ɓangare, ya tabbatar mana cewa Donnarumma da rashin Partey ne suka fitar da mu, babu laifin koci. An kuma ga cewa raunin Saka da Havertz da Jesus da Gabriel ne ya ci kakar bana, kuma duk wani babban koci sai da aka yi haƙuri da shi. Maganar Özil na rufe ta, kada a sake tayar da ita a nan. Ɗan Shuɗi, wannan ne gargaɗi na ƙarshe, kuma ka kai wa Oga kuɗinsa kafin magariba. Ɗan Kurna, ƙanena ne kai, na ba ka zuwa ranar Lahadi kafin a take wasanmu da Liverpool a Anfield ka zo ka ba jama'a haƙuri.