Rile ko suwic mai juyawa wajen zaɓar hanyar shigar sauti?

Mai gyara, Gusau: Jama'a, ni dai maganata ɗaya ce. Duk wanda ya haɗa amfulifaya ya sa suwic mai juyawa don zaɓa tsakanin dikoda, wayar hannu da na'urar CD, ya ɓata aikinsa. Soket na RCA, inda ake cusa wayoyin sauti, suna baya, suwic yana gaba, wayoyi su ratsa gefen taransifoma su kwaso ƙugin 50Hz. Ga ƙurar hunturu, ta shiga bakin suwic, kana juyawa sifika tana ƙaraf-ƙaraf. Rile kawai, wato suwic ɗin da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa.

Malamin lantarki, Kaura Namoda: Oga, laifin shimfiɗar waya ne, ba na suwic ba. Ɗaura shi a baya daf da soket, ka ƙara masa sandar ƙarfe ta fito gaba. Waya ta koma santimita biyar, mai sulke, sulken a haɗe da layin ƙasa. Abin lura guda: sayi wanda ke sakin hanya kafin ya kama ta gaba. Ɗayan nau'in yana haɗa na'urori biyu na ɗan lokaci yayin juyawa.

Mai gyara: Ƙurar fa, Malam?

Malamin: Nan ka fi ni gaskiya, rufaffen rile ba ya shan ƙura. Amma wane rile? Yara suna ciro mai amfiya 10 daga tsohuwar sitabilaiza su dasa. Bakinsa azurfa ne, yana buƙatar wuta mai ɗan ƙarfi ta ƙone dattin da ke taruwa a kansa, sautin CD kuwa bai wuce bolt 2 ba, ƙarfinsa kuma ƙanƙane. Bayan wani lokaci sai gefe ɗaya ya riƙa ɗaukewa. Ƙaramin rile mai bakin zinariya ake so, irin Omron G5V-2, ɗaya ga kowace hanya, da dayod 1N4148 a juye kan nadinsa.

Wani, Talata Mafara: To CD4052 fa, ƙaramin cif ɗin nan mai zaɓar hanya? Ya fi duka araha.

Malamin: Awo, da araha, amma turjiyarsa tana canjawa da girman sauti, murya ta ɗan gurɓace idan abin da ke bayansa ƙaramar turjiya ce. Kuma sai ka ba shi wuta biyu, bolt +7.5 da -7.5, in ba haka ba ya datse rabin sautin.

Mai gyara: Ko da rile ɗin, wasu na jin "ɗum" idan sun canja.

Malamin: Cajin da ya kwanta a kafasitar fitar na'urar ne. Sa razista 100k daga kowace hanya zuwa ƙasa, tun kafin suwic ko rile, hagu da dama. Ƙugin dikoda kuma daban ne, ta wayar dish yake shigowa layin ƙasa. Cire ta ka saurara. In ya tsaya, sa ƙaramar taransifomar sauti 1:1 a kan wannan hanyar kaɗai.

Mai gyara: Ban janye ba, a garin ƙura rile ne. Sandar nan dai, ta milimita 6 ce?

Malamin: Ita ce.